Wata huɗu a kan tsirkiya ba yatsa

Shekarata 14 ina goga biyolin, wato gogen nan na Turawa mai tsirkiya huɗu, ranar da na fara zuwa wurin malamin da ya sake mini hannu. Na je ne don ya shirya ni jarrabawar shiga ajin ƙwararru, na kuma zaɓi kiɗa mafi wuya cikin waɗanda na iya domin ya ga inda na kai. Ban yi minti biyu da farawa ba ya ɗaga hannu. Na tsaya. Ya ce, "Ɗana, ajiye yatsun hagu. Goga mini tsirkiyar D haka nan, daga gindin baka har tsininsa, kada ka yi sauri." Tsirkiyoyin biyolin huɗu da haruffa ake kiransu: G, D, A da E.

Na ja. Ya ce in sake, na sake. A karo na uku ya tambaye ni me na ji. Na ce, "Malam, D na ji." Ya ce shi abu huɗu ya ji: ƙarar karta a farkon ja, sautin da ya kumbura a tsakiyar baka ba da izinina ba, wata 'yar rawa da ta shigo lokacin da gwiwar hannuna ta fara buɗewa, sai kuma sautin da ya mutu tun saura taƙi guda bakan ya ƙare. Daga nan ya faɗi maganar da ta hana ni barci a daren. Ya ce kunnena yana jin abin da nake nufin fitarwa ne, ba ya jin abin da ke fita.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya yi shekara 14 yana abu, ya tsaya gaban jama'a an tafa masa, ba ya son a ce masa bai san ƙarar kayansa ba. Amma na koma mako na gaba, domin da na isa gida na ɗauki kaina a waya ina jan tsirkiyar nan, na saurara, kuma duk abu huɗun da ya lissafa suna nan, kowanne a inda ya ce.

Ya karɓe duk takardun kiɗan da na zo da su ya sa a aljihun teburinsa. Aikin da ya ba ni guda ɗaya ne. In kunna na'urar ƙidayar bugu a kan 60, wato bugu ɗaya kowane sakan, in ja baka daga gindi zuwa tsini cikin bugu 10, in dawo cikin 10, sautin ya tsaya a miƙe kamar zare, ba kumburi ba ramewa. In na iya 10 in tafi 15, daga nan 20, har 30. Ya hana ni girgiza yatsa gaba ɗaya, abin da makaɗa ke yi don sauti ya yi zaƙi, domin a ganinsa da shi nake rufe aibuna. Gaskiyarsa. Da aka cire girgizar sai sautina ya tsaya tsirara.

Wannan aiki ba shi ya ƙirƙiro ba, kuma bai taɓa cewa nasa ne ba. A shekarar 1760 Giuseppe Tartini, babban makaɗi kuma malami a birnin Padua na Italiya, ya rubuta wa ɗalibarsa Maddalena Lombardini wasiƙa, abin da ya fara ɗora mata a ciki shi ne aikin baka: ta fara sauti a kan tsirkiya ba yatsa, a hankali ƙwarai, ta riƙa ƙara masa ƙarfi kaɗan-kaɗan har ya cika, ta ba wannan sa'a guda a kullum, ta raba tsakanin safe da yamma. Kuma wadda ya rubuta wa ba sabuwar shiga ba ce. Jin wannan ya ɗan sanyaya mini zuciya, ko da yake bai rage wahalar ba.

Wahalar a nan take. Tsawon bakan biyolin kusan santimita 75 ne, nauyinsa wajen giram 60, kuma siffar da muke amfani da ita a yau ta samo asali ne daga François Tourte na Faransa a ƙarshen ƙarni na 18. Giram 60 ba komai ba ne a hannu, amma ba a rarrabe nauyin yake daidai ba. In kana kusa da gindi, duk nauyin bakan da na hannunka a kan tsirkiya suke, sai ƙaramin yatsa ya tallafe, in ba haka ba sauti ya shaƙe. In ka kai tsini kuwa, nauyin ya gudu, sai ka ɗan karkato da hannu manuniya ta kai shi can. Tsakanin waɗannan biyu canjin ba ya tsayawa ko na ƙiftawar ido. Cikin sauri mutum yakan tsallake duk wannan ba a gane ba. Cikin sakan 30 babu wurin ɓuya.

Wata rana ya zaunar da ni ya yi mini bayanin abin da ke faruwa tsakanin izgar baka da tsirkiya, kuma na so a ce tun ina yaro wani ya faɗa mini. Ƙaron da muke shafa wa izga yana sa ta kama tsirkiya ta ja ta gefe, tsirkiyar ta kuɓuce ta koma, izga ta sake kama ta. Kamawa da kuɓucewa, kamawa da kuɓucewa. A tsirkiyar A hakan yana faruwa sau 440 a sakan guda. Wani masanin Jamus, Hermann von Helmholtz, shi ya bayyana wannan motsi a shekarun 1860. Sauti mai tsabta shi ne wanda wannan kamu da saki ke tafiya a tsare, sau ɗaya a kowane zagaye. Ka danne da yawa, tsirkiya ta kasa kuɓucewa a kan lokaci, ka ji karta. Ka sassauta da yawa, ta yi ta zamewa, ka ji wani fito mara jiki. Abubuwa uku ke riƙe da wannan ma'auni: saurin baka, nauyin da ke kansa, da wurin da izga ke taɓa tsirkiya tsakanin jaki, wato ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyi, da bakin allon yatsu. Ivan Galamian, wanda ya koyar a makarantun Curtis da Juilliard a Amurka, a kan waɗannan ukun ya ɗora koyarwarsa ta fitar da sauti, kuma malamina ta wannan hanya ya taso.

Sai ya raba mini ɗan filin nan, wanda bai wuce faɗin yatsu uku ba, ya zama hanyoyi biyar. Ta ɗaya dab da jaki, ta biyar a bakin allo. Kusa da jaki tsirkiya tana da tauri, tana son nauyi da tafiyar hawainiya, sautin kuma ya fito da haske da kaifi. Kusa da allo tana da laushi, tana son baka mai sauƙi mai gudu, sautin ya fito kamar an lulluɓe shi. Na gano cewa duk shekarun nan a hanya ta uku da ta huɗu nake zaune, ban taɓa yarda na kusanci jaki ba saboda tsoron karta. Rabin muryar kayana ban taɓa jin ta ba. Mako shida muka yi a kan hanyoyin nan, kowace ita kaɗai, sannan ƙetarawa daga wannan zuwa waccan cikin ja ɗaya ba tare da bakan ya karkace ba.

A cikin wannan ne ciwon kafaɗa da na daɗe ina ɓoyewa ya fito fili. Ya lura ina ɗage kafaɗar hagu ina matse kayan da muƙamuƙi, babban yatsan hagu kuma yana shaƙe wuyan biyolin. Bai yi dogon wa'azi ba. Ya sa na jingina kan biyolin da bango, da ɗan ƙyalle a tsakani, na yi ta kiɗa ba tare da babban yatsa ya taɓa wuyan ba, har hannun ya yarda cewa kayan ba zai faɗi ba. Ya kuma canja mini matokarin haɓa zuwa wanda ya fi tsayi, domin wuyana dogo ne. Abin nan Louis Spohr ne ya ƙirƙiro shi wajen 1820, kafin nan ba da shi ake kiɗa ba, kuma har yau malamai suna jayayya kan wane ya fi da ko a sa matashin kafaɗa ko kada a sa. Malamina ba ya cikin masu jayayyar. Yakan duba jikin ɗalibi ne ya yanke. Ni ma yau haka nake yi, kuma ina ganin malamin da ke tilasta wa kowa tsari ɗaya yana cutar da rabin ajinsa.

Wata na uku shi ne mafi muni. Tsohon hannu ya tafi, sabo bai zauna ba. Na ɗauko wani kiɗa mai sauƙi da na iya tun ina ɗan shekara 15, a ɓoye, na kasa kai shi ƙarshe yadda nake so. Bakan yana rawa a hannuna. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na fara tunanin ko nawa ya riga ya bushe. Na je darasi na ce masa, "Malam, ina ganin baya nake komawa." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Da can ma haka kake yi, ɗana. Yanzu ne ka fara ji." Ban gamsu ba a ranar. Na fita da niyyar in nemi wani malami, na kwana biyu ban buɗe akwatin ba.

Abin da ya dawo da ni ƙarami ne. Ranar ta uku da safe na buɗe don kawai in duba tsirkiyoyin, na ja G a hankali kusa da jaki, na saki nauyin hannuna ya zauna a kanta ba tare da na danna ba. Sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba. Sautin ya cika ɗakin ba tare da ƙara ba, na ji katakon yana kaɗawa a ƙashin wuyana har cikin haƙora, na ga tsirkiyar da idona ta buɗe faɗi tana lilo. Na kai tsini na dawo, ban ji inda na juya ba. Na tsaya a wurin na daɗe. Sau biyu kawai na iya maimaita shi a wannan rana, amma na riga na san abin da ake nema, kuma kunnena ya ƙi yarda da abin da bai kai shi ba daga nan.

Da muka cika wata huɗu ya mayar mini da hannun hagu. Na ɗauka an gama da wuya, ashe wata ce za a shiga. Biyolin ba shi da alamu a allonsa, yatsa ne da kunne ke yanke inda sauti yake, kuma ni na saba auna kaina da fiyano. Ya ce in sa manuniya a tsirkiyar D in fitar da E, in goga shi tare da tsirkiyar A, in gyara har su daidaita. Na gyara, suka zauna lafiya. Ya ce kada in motsa yatsan, in goga wannan E ɗin tare da tsirkiyar G. Sai na ji tsami, sautukan biyu suna faɗa da juna. Sai da na ja yatsan baya kusan milimita uku da rabi kafin suka shirya. Na koma wajen A, tsamin ya dawo can.

Na kalle shi. Ya ce to, wanne ne E na gaskiya? Duka biyun ne. Wannan ɗan bambanci, wanda kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na rabin taki, wato tazarar sauti tsakanin maɓallin fiyano da na kusa da shi, a cikin lissafin sauti kansa yake, ba kuskuren kowa ba ne. Fiyano an yi masa sulhu, an raba tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama gida 12 daidai wa daida, kowane sauti ya ɗan yi haƙuri. Mai biyolin ba a yi masa wannan sulhu ba, shi ne zai zaɓa kowane lokaci: in yana tafiya da waƙa ita kaɗai sai ya ɗaga wasu sautuka don su ja zuwa na gaba, in yana goga tsirkiya biyu tare sai ya saukar da su don su zauna, in kuma tare da fiyano yake sai ya bi fiyano inda suka haɗu. A ganina wannan darasi shi ne iyaka tsakanin mai iya kiɗa da makaɗi. Kafin shi mutum yana neman inda sauti yake a allo. Bayansa yana tambayar sautin da wa yake zaune.

Ya koya mini alamu biyu na gane daidai. Ta farko, in ka sa yatsa na uku a tsirkiyar D ka fitar da G, in ka dace, tsirkiyar G da ba ka taɓa ba za ta fara kaɗawa da kanta, kana gani. Ta biyu ta fi ban mamaki. In ka goga sautuka biyu tare da ƙarfi kuma sun daidaita, za ka ji wani na uku can ƙasa yana gunji, wanda babu tsirkiyar da ke fitar da shi. Tartini ɗin nan ya ce tun 1714 ya gano shi, da sunansa ma ake kiran sautin. Mako biyu na yi ina nema ban ji ba. Ranar da na ji shi kuwa, na kasa daina ji, ya zama mini ma'auni da ke tafe da ni ko'ina.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Muka bi tsanin sautuka bisa tsarin Carl Flesch, tsani ɗaya kowane mako. Muka koma darussa 42 na Rodolphe Kreutzer, waɗanda na ɗauka na gama da su tuntuni, na biyun kaɗai muka yi shi da salon baka fiye da 20. Sauya mazaunin hannu daga ƙasa zuwa sama, wanda da nake yi da fargaba, ya zama abu mai sauƙi da na koyi sassauta yatsa kafin tafiya da jin sautin da zan sauka a kansa tun ban tashi ba. Girgizar yatsa ta dawo, amma yanzu ni ke kiran ta, mai faɗi ko siririya, ko in hana ta gaba ɗaya.

Sai a wata na tara ya buɗe aljihun tebur. Bai ba ni abin da na zo da shi ba. Ya ba ni Chaconne ta Johann Sebastian Bach, ɓangaren ƙarshe na Partita ta biyu cikin kiɗe-kiɗe shida da ya rubuta wa biyolin shi kaɗai, waɗanda rubutun hannunsa ke ɗauke da shekarar 1720. Kusan minti 15 ne mutum ɗaya yana tsaye ba mai taya shi, a kan ɗan gajeren jigo da ake ta juyawa. Tun sautin farko tsirkiya uku ake so su yi magana tare, can gaba kaɗan huɗu, alhali jakin biyolin a lanƙwashe yake, izga ba ta iya zama a kan huɗun lokaci guda. Dole ka raba, biyun ƙasa sannan biyun sama, kuma yadda ka raba shi ke nuna wace murya ka ɗauka da muhimmanci. Duk abin da muka yi a wata tara ya taru a layin farko: nauyi ba dannawa, hanyar da ta dace tsakanin jaki da allo, da zaɓin inda kowane yatsa zai zauna saboda maƙwabcinsa.

A nan salon koyarwarsa ya canja. Ya daina ce mini yi kaza. Sai tambaya. "Murya nawa ke magana a nan?" "Ta ƙasa ina ta tafi da ka bar ta?" "Wannan jimla a ina take numfashi?" Wani lokaci in kawo yadda nake so, ya ce shi ba haka zai yi ba, amma in na iya kare shi da kunnena in riƙe abina. Akwai wuri a tsakiyar kiɗan inda yake juyawa daga duhu zuwa haske, ni ina son in shige shi a hankali ƙwarai, shi yana ganin na cika jan rai. Har muka rabu ba mu daidaita a kai ba, kuma bai taɓa tilasta mini ba. Da ita na shiga jarrabawar, na kuma samu shiga.

Abu na ƙarshe da ya yi mini ban zata ba. Ya kawo wata yarinya 'yar shekara 16 cikin ɗalibansa, mai hazaƙa da saurin yatsu, ya ce in koyar da ita shi yana zaune. Ta yi kiɗa, na ga aibu wajen goma, na lissafa mata su duka da kyakkyawar niyya. Ta sake yi, ya fi na farko lalacewa. Bayan ta fita ya ce, "Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma wanne ne uwarsu?" Na yi tunani na ce babban yatsan dama ne, a sandare yake. Ya ce to shi kaɗai ya kamata in taɓa, shida daga cikin goman da kansu za su tafi. Koyarwa a wannan mataki aikin gano tushe ne, da kuma iya yin shiru a kan sauran har lokacinsu ya zo. Wannan ya fi mini jan baka na sakan 30 wuya, har yanzu ina fama da shi.

Wuri ɗaya ne na saɓa masa, kuma ina faɗa da dukan girmamawar da nake yi masa. Bai gaya mini tun farko cewa wata na uku yana zuwa ba. Yana ganin ɗalibi ya gano da kansa. Ni na ga kwana biyun nan da akwatina ya yi a rufe, na san da kaɗan ya rage in bar shi, kuma na san akwai waɗanda suka bari a daidai wannan wuri suna zaton sun lalace. Saboda haka duk wanda zan sake wa hannu nakan zaunar da shi ranar farko in ce masa zai ji kamar ya koma baya, wajen mako na takwas zuwa na goma sha biyu, kuma idan hakan ta faru ya zo ya faɗa mini kada ya ɓoye.

Yarinyar nan ta ci gaba da zuwa wurina bayan malam ya rage ɗalibai saboda shekaru. Ita ma na karɓe mata takardu, na yi mata bayanin dalili, ta yi fushinta ta gama. A mako na bakwai tana jan tsirkiyar D cikin bugu 20, ina zaune ban ce komai ba, sai ta tsaya a tsakiyar baka da kanta. Ta ɓata fuska ta ce, "Malam, kun ji? Akwai wata 'yar rawa da ke shigowa daidai nan." Na ce na ji. Ta mayar da baka gindi ta sake ja.